Bol Mai Lamba 8.8 Ko Mai 10.9: Wanne Ya Dace Da Sifirin Na Bayan Hilux?

Ɗan'uwa, ka ce za ka canza sifirin na bayan Hilux ɗinka, mai shago ya ajiye maka bol iri biyu, ɗaya an buga masa 8.8 a kai, ɗayan kuma 10.9, shi kuwa makanike yana cewa tsofaffin ma za su yi.

Lambar da ke kan bol tana faɗin ƙarfin ƙarfensa ne. Idan muka ɗauki bol mai kaurin milimita 12, mai lamba 8.8 zai jure jan da ya kai kusan tan 7 kafin ya tsinke, mai lamba 10.9 kuma kusan tan 9. Mai 8.8 ya fi sauƙin kuɗi da sauƙin samu, kuma ya wadatar a wurare da yawa a jikin mota. Mai 10.9 yana karɓar ɗauri mai ƙarfi ba tare da ya miƙe ba, wanda shi ne abin da ake bukata a idon da ke ƙarshen gaba na sifirin da kuma shakul, wato ƙarfen da ke haɗa ƙarshensa na baya da jikin mota, inda nauyin kaya da dukan ramuka suke sauka kullum. Motar da ke ɗaukar buhunan hatsi a hanyar ƙauye, ni dai 10.9 zan sa mata a waɗannan wurare, sai fa in littafin motar ya faɗi wani abu dabam. Akwai 12.9 wanda ya fi su duka, amma taurinsa ya sa ya fi saurin tsagewa idan tsatsa ta kama shi, saboda haka ba na ƙarƙashin mota ba ne. Bol ɗin da babu kowace alama a kansa kuwa, ko mai 4.6 da 4.8, kada ya kusanci sifirin komai arharsa. Idan ka ci karo da kayan Amurka, layi uku a kan bol daidai yake da 8.8, layi shida kuma daidai da 10.9.

Sai dai lamba kaɗai ba ta isa ba, kuma a nan ne asalin bol na kamfani yake fin na kasuwa. Motocin Japan sukan yi amfani da siririn tiredi, wato zaren da noti ke hawa, mai tazarar milimita 1.25 a bol na milimita 12 da 1.5 a na milimita 14, alhali yawancin na shago 1.75 ne da 2.0, don haka noti na wannan ba zai hau wancan ba sai an tilasta shi an lalata duka biyun. Haka kuma sashen bol da ke shiga cikin bushin, wato robar da ke cikin idon sifirin, ya kamata ya zama sumul, domin idan tiredi ne a ciki zai riƙa cin ƙarfen har rami ya faɗaɗa. Ka tafi kasuwar Ƙofar Ruwa ko Panteka da tsohon a hannu, a gwada kauri da tsawo da tiredi, noti kuma ya zama mai lamba 10 idan bol ɗin 10.9 ne.

Game da maganar makanike, tana da gaskiya a wuri ɗaya kawai. Bol ɗin ido da na shakul, idan an wanke an ga bai lanƙwashe ba, bai sirance ba, tsatsa ba ta ci shi ba, ana iya mayar da shi da sabon noti. Yubol kuwa, wato lanƙwasassun nan huɗu da ke matse sifirin da aksil, ba a maimaita su. Ɗaurin farko yana miƙar da su, yana kuma sauya siffar tiredinsu, shi ya sa a karo na biyu sifana za ta nuna maka sun ɗauru alhali matsinsu ya ragu. Da zarar sun yi sako-sako, ganyayen sifirin za su fara motsi, santabol, wato bol ɗin tsakiya da ke haɗa ganyayen, ya guntule, aksil ya goce, mota ta riƙa tafiya a karkace. Yawancin sifirin da ke karyewa ta ramin tsakiya daga nan matsalarsa take farawa. Yubol ɗin da mai walda ya lanƙwasa da rodin gini ya fi tsohon ma haɗari.

Wajen ɗauri, a bi notocin yubol a gicciye, kaɗan-kaɗan, da sifana mai ma'auni, zuwa adadin da littafin motar ya faɗa. Bol ɗin ido da na shakul kuma kada a ƙarasa ɗaure su sai an sauke motar daga jak ta tsaya a kan tayoyinta, in ba haka ba robar bushin za ta zauna a murɗe ta yage da wuri. Bayan tafiyar kilomita ɗari biyar zuwa ɗari takwas, ka koma a sake bin notocin yubol, domin sabbin ganyaye sukan zauna su bar ɗan sarari.