Harley, Indian ko Gold Wing: Wanne Ya Dace Da Mai Doguwar Tafiya?

Duk wanda ya ƙudurta sayen ɗaya daga cikin manyan baburan nan na doguwar tafiya irin na Amurka, ya fara da tambayar nauyi kafin ya tambayi suna. Mafi sauƙinsu yana haura kilo 350, wasu suna wuce 400 tun ba a ɗora kaya ko an yi goyo ba. Wato babur ɗin acaɓa uku ne a haɗe, har da ɗoriya. An ƙera su ne domin shimfiɗaɗɗun titunan Amurka, inda mutum zai tashi daga Chicago ya nufi gabar California, kusan kilomita 4,000, yana zaune daram, ga kiɗa, ga akwatuna a gefe. A kan irin wannan titi nauyin alheri ne, domin iskar tirela ba ta kaɗa ka. A wurin juyawa cikin lungu ko ajiyewa a kan rairayi kuwa, nan ake gane wanda ya yi sayen ido.

Harley-Davidson, wanda aka kafa a Milwaukee a 1903, shi ne uban tafiya a wannan kasuwa, kuma muhawarar masu saye yawanci a kan biyu take: Street Glide da Road Glide. Injinsu ɗaya ne, Milwaukee-Eight 117 mai silinda biyu, cc 1,923 a samfurin 2024. Tankinsu ɗaya, kusan lita 23. Allon gabansu ma ɗaya. Bambancin yana ga garkuwar da ke tare iska. Ta Street Glide a jikin kan babur aka ɗaura ta, duk inda ka juya hannu tare kuke juyawa, ga fitila da lasifika da allo duk a kanta. Allon yana kusa da kai, kana jin babur ɗin a tattare, amma idan iska ta bugo daga gefe a hannunka za ka ji ta. Ta Road Glide a jikin gangar babur take, ba ta motsi, don haka kan ya fi sauƙin sarrafawa kuma babur ɗin ya fi natsuwa a gudu mai nisa. Sabon hawa yakan ɗan rikice da farko, ya karya kai ya ga fitila tana kallon gaba abinta. A ganina mai tafiyar sa'o'i shida ko bakwai a rana ya ɗauki Road Glide, mai yawon gari da 'yar fita ƙarshen mako ya tsaya a Street Glide.

Indian ya girmi Harley da shekara biyu, 1901 aka kafa shi, amma ya durƙushe a 1953, sunan ya yi ta yawo hannu-hannu har kamfanin Polaris ya saye shi a 2011 ya farfaɗo da shi. Chieftain shi ne kishiyar Street Glide, Challenger wanda ya fito a 2020 kishiyar Road Glide. Abin da ya sa Challenger ya cancanci a tsaya a kansa shi ne injinsa na PowerPlus, mai cc 1,768 da ƙarfin doki 122, wanda ruwa ke sanyaya shi ta lagireto kamar mota.

Wannan batu na sanyaya inji ba ƙarami ba ne. Manyan injuna masu silinda biyu a tsaye kamar harafin V sun daɗe suna dogaro da iska, silindar baya kuma tana daidai tsakanin cinyoyin mahayi. Muddin kana gudu, lafiya lau. Da ka tsaya a cunkoso na minti goma, zafi zai fara tasowa ta ƙarƙashin kujera, ka ga mutum yana ta bubbuɗa ƙafa yana jan wando. Kamfanonin biyu sun san da haka, shi ya sa suka sa dabarar da ke kashe silindar baya idan babur yana tsaye, Harley kuma ya kai ruwa kawunan silinda a sababbin samfuransa. Dabarar tana ragewa, ba ta kawarwa. Wanda yake Texas ko Arizona, balle wanda zai yi dakon babur ɗin zuwa Kano ko Yamai ya hau shi a watan Afrilu, ya auna wannan da kyau.

Sai Honda Gold Wing. Wasu za su ce ai na Japan ne, me ya kawo shi nan? To, domin Amurkawa aka yi shi tun fitowarsa a 1975, kuma shekara talatin ana harhaɗa shi a Marysville ta jihar Ohio kafin a mayar da aikin Kumamoto. Silinda shida gare shi a kwance, cc 1,833, nauyin injin yana can ƙasa, shi ya sa da ya fara motsi sai ka manta kilo 380 da wani abu kake riƙe da shi. Ba ya girgiza, ba ya ruri, farfela ke juya tayar bayansa maimakon bel ɗin da Harley da Indian ke amfani da shi. Akwai mai giya bakwai da ke canja kanta ba ruwanka da kulochi, ga ribas, wanda duk mai irin wannan babur da ya taɓa ajiye shi kai a gangare ya san darajarsa. Idan uwargida ce za a riƙa goyawa, kujerar bayan samfurin Tour da majinginarta sun isa su raba gardama. Aibinsa biyu: akwatunan gefensa sun ƙanƙance tun sabunta shi da aka yi a 2018, sannan dogon mutum ba shi da inda zai miƙe ƙafa gaba, silindojin sun tare wurin. Mai neman ƙugin nan da ke sa a waiwayo kuma ba zai same shi a nan ba.

BMW ma ya shigo da R 18 Transcontinental, kyakkyawa ne, amma kilo 427 sai mai ƙashi. K 1600 ɗinsu mai silinda shida ya fi duk waɗannan gudu, sai dai zamansa ya fi kama da na baburan Turai.

A batun kuɗi, Street Glide da Road Glide na 2024 sun fara ne daga kusan dala 26,000 a Amurka, sauran ma a wannan unguwar suke a lokacin, wasu masu babban akwatin baya sun haura 30,000. Shi ya sa na hannu ya fi ciniki. A nan Harley ya yi zarra: ya fi yawa a kasuwa, dillalansa sun fi na Indian yawa, kayan gyaransa na asali da na wasu kamfanoni ba sa wahalar samu, kuma yana riƙe darajarsa in an tashi sayarwa. Sai dai yana son mai mai kyau, na oktan 91 a ma'aunin Amurka, alhali Gold Wing yana shan na gama-gari ba ƙorafi. Wanda zai kawo shi gida ya fara nemo bakaniken da ke da kwamfutar duba irinsa kafin ya biya kuɗin jirgin ruwa, ya kuma tuna cikinsu bai fi santimita 13 ko 14 daga ƙasa ba, kowane tudun rage gudu sai an lallaɓa.

Ranar gwaji kada ka tsaya ga gudu a miƙaƙƙen titi, kowannensu zai burge ka a can. Ka zauna ka ga ko tafin ƙafafunka biyu sun taka ƙasa sosai. Ka tura shi baya da ƙafa taku biyar. Ka yi cikakken juyi a fili mai faɗin layi biyu, sannan ka sake yi da wanda za ka riƙa goyawa a bayanka, akwatuna cike da kaya.