Saitin kafireta a Gembu: yadda na ga aikin bayan wata biyu

Boxer ɗina bai taɓa ba ni kunya a Jalingo ba. Amma ranar da aiki ya kai ni Mambila, tun daga hawan da ke gaba da Mayo Selbe ya fara shaƙewa. In na murɗa totur sai ya yi kamar mai tari, salansa na ta aman baƙin hayaƙi. Da ƙyar da jiɓin goshi na isa Gembu.

Ni duk zatona gurɓataccen mai na sha a hanya. Wani dattijon bakanike ya kwance filogi ya miƙo mini, baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Ya ce, "Malam, mashin ɗinka lafiyarsa ƙalau, iska ce ta yi masa kaɗan." Tudun ya kai wajen mita 1,600 sama da teku, iskarsa ba ta da nauyi irin ta ƙasa, ita kuwa kafireta mai take zubawa yadda ta saba. Sai man ya rinjayi iska, ya kasa ƙonewa sosai.

Abin da ya burge ni, bai yi garaje ba. Sai da ya wanke matacin iska tukuna, wai ƙura ma tana kawo irin wannan. Sannan ya sa jet mai ƙaramin rami, wato ɗan ƙarfen da mai ke bi ta raminsa a cikin kafireta, ya sauke allurar kafireta da gaɓa ɗaya don rage mai, ya riƙa juya sukurun iska kaɗan-kaɗan yana kasa kunne ga silo. Ya hau ya zaga, ya dawo ya sake duba filogi. Filogin ya koma ruwan ƙasa. Kuɗin aikin bai kai na mai lita uku ba.

Yanzu ina zuwa Nguroje in dawo ba shaƙewa, shan mai kuma ya ragu. Ƙarfinsa dai bai dawo kamar na Jalingo ba, da ma Baba ya ce kada in sa rai. Da asuba, in sanyin nan ya sauko, sai na ja cok yake tashi.

Inda na ga gazawar bakaniken, bai ce in mayar da tsohon jet in zan sauka ba. Na gangara Serti haka nan, injin ya ɗau zafi har ina jin sa a ƙafa, don can mai ne ya yi kaɗan. Allah ya taimake ni tsohon jet ɗin yana aljihuna, ƙulle a leda. A gindin bishiya na mayar da shi.