Amitriptyline ko gabapentin: wanne ya fi dacewa da hannun Mama?

'Yar uwa, na ga tambayarki kan Mama, kin ce ƙurajen zosta ɗin da suka feso mata daga kafaɗa zuwa gwiwar hannu sun bushe wata huɗu ke nan amma hannun bai daina zogi da raɗaɗi ba, kuma wani ya ce amitriptyline wani ya ce gabapentin. Allah ya ba ta lafiya.

Abin da ke kawo zosta ƙwayar cutar ƙarambau ce dai wadda ta yi tun tana yarinya, ta kwanta a saiwar jijiya kusa da ƙashin baya, da girma ya zo ta farka ta bi jijiyar ta ji mata rauni. Shi ya sa fata ta warke ciwo bai tafi ba, har hannun riga in ya goge wurin ko iskar fanka ta taɓa sai ki ga ta zabura kamar an ɗora mata garwashi. Fanadol da diclofenac ba su cika yin komai a irin wannan ba, acyclovir kuma, wato maganin da ake bayarwa don daƙile ƙwayar cutar, lokacinsa ya wuce, amfaninsa a cikin awa 72 na farkon fitowar ƙuraje ne.

Amitriptyline yana da arha, sau ɗaya ake sha da daddare, likita kan fara da 10mg ya riƙa ƙarawa a hankali, kuma yana sa barci wanda ga mai kwana tana juyi saboda zogi wannan alheri ne. Matsalarsa ga tsofaffi take: bushewar baki, bushewar ciki, riƙewar fitsari, jiri in an miƙe tsaye, ga shi yana taɓa bugun zuciya. In Mama tana da ciwon zuciya ko hawan jinin ido toh ki faɗa wa likita tun kafin ya ɗauki biro.

Gabapentin ya fi tsada kuma yawanci sau uku a rana ne, ana farawa da 300mg ko ƙasa da haka ga tsoho, a hau sannu sannu, wasu sai an kai 1800mg a rana. Bai cika damun zuciya ba amma ta ƙoda yake fita, dole a duba ƙodarta tukuna. Shi ma akwai jiri da magagi, wasu ƙafa ta kumbura, kuma ba a yanke shi dare ɗaya. Ɗan uwansa pregabalin sau biyu ne a rana, sai dai a ɓoye shi da kyau in akwai samari a gida don wasu na shan sa don maye.

Ni a ganina in shekarunta sun ja kuma ƙodarta lafiya, gabapentin ya fi kwanciyar hankali. In kuwa zuciya lafiya, kuɗi ne matsala kuma rashin barci ya fi addabarta, ƙaramin amitriptyline ya isa a gwada. Kowanne aka zaɓa dan Allah a ba shi makonni, mutane da yawa kwana uku suke yi su ce bai yi ba su koma kemis a haɗa musu tramadol. Kuma a satin farko a samu mai riƙe ta in ta tashi alwalar asuba, faɗuwa a banɗaki ga tsohuwa ba ƙaramin abu ba ne.

Tunda kin ce taɓawa ce ta fi yi mata ciwo ki tambayi likita filastar lidocaine (maganin kashe zafi a fata) mai kashi 5, ana manna ta a wurin awa 12 a cire awa 12, kan fatar da ta warke kawai, ba ta sa jiri, samunta ne dai wahala da tsada. Akwai kuma man capsaicin da ake yi da sinadarin barkono amma yana ƙuna sosai da farko, ba kowa ke jurewa ba.

Abu ɗaya da nake so ki lura: shin tana iya ɗaga hannun ta ɗaura ɗankwali, ta riƙe buta? In ƙarfin hannun ya ragu ku koma asibiti da wuri a haɗa ta da masu gashin ƙashi, don in ta ci gaba da maƙale shi saboda tsoron ciwo kafaɗar za ta iya sandarewa. A auna mata suga ma in ba a yi ba.