Kafin ka sayi abin cire tayar babur na gida

Duk wanda babur ne ƙafarsa ya san wahalar wayar gari da taya a kwance, mai faci kuma bai fito ba tukuna. Abin da ya sa na haɗa wa kaina wurin canza taya a gida ke nan, kuma 'yan'uwa da dama sun tambaye ni wanne za su saya. Kayan iri uku ne.

Na farko liba, ƙarafan nan masu lanƙwasasshen baki da masu faci ke amfani da su. Suna da araha, kuma guda uku sun isa tayar Boxer ko Jincheng mai tub. Sai dai ko da ka sayi masu kyau irin na Motion Pro, a durƙushe za ka yi aikin, kuma kuskure kaɗan ka tsunkule sabon tub. Na biyu babban inji mai aiki da lantarki da kwampreso. Wannan na shago ne, ba na gida ba, ranar da babu wuta kuwa ya zama tarkace.

Wanda zuciyata ta kwanta da shi shi ne na uku: na hannu mai tsayuwa. Ƙarfe ne tsayayye da ake ɗora wili a kai a ɗaure, yana da hannu mai danna leɓen taya ya raba shi da rim, da doguwar sanda mai kan roba da ake zagayawa da ita a zare tayar ko a mayar. Ba ruwansa da wuta. Wannan hannun dannawar shi ne rabin kuɗinka, musamman a taya marar tub, wadda leɓenta ke manne wa rim kamar an liƙa. Kan robar kuma shi ke hana ƙarfe gogar rim na alminiyon. A kasuwar duniya No-Mar na Amurka da Rabaconda na ƙasar Estoniya sun yi suna. Na Rabaconda ana naɗe shi a saka a jaka, ba sai an kafe shi a ƙasa ba, amma kuɗinsa da na dako da na kwastan ba wasa ba ne. Idan aljihu bai kai ba, ƙwararren mai walda a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano zai iya ƙera maka jikin da ƙarfe mai kauri, kai kuma ka nemo sandar mai kan roba daban.

Ka duba girman wilinka tun kafin ciniki. Boxer inci 17 ne, CG125 inci 18, baburan jeji kuma 21 a gaba da 18 a baya. Ka tabbata sandar tsakiya tana shiga ramin gatarin wilin, don wasu an yi su ne domin mota, sai da ƙarin kayan babur.

Yanzu ga inda aka cuce ni. Na ga talla a intanet, hoto mai kyau, farashi ƙasa da rabin na ko'ina. Na tura kuɗi. Abin da ya iso bai yi kama da hoton ba ko kaɗan: ƙarfen siriri kamar na gadon yara, waldar ɗigo-ɗigo an lulluɓe da jan fenti. A taya ta biyu hannun ya lanƙwashe, kan robar ya tsage, ƙarfen da ke ciki ya kankare min rim tun daga bawul har kusan rabin zagaye. Daga ranar tayar ta riƙa sacewa a hankali, sai da na sayi wani rim. Har yau idan na tuna raina yana ɓaci, domin araha ta jawo min asara biyu.

Don haka kada ka biya sai ka taɓa da hannunka. Ka ɗaga ka ji nauyi, na ƙwarai ba ya ɗaguwa da yatsa biyu. Ka juya ka duba waldar ta ƙasa, can ne ba sa ɓoyewa. Fenti mai kauri a mahaɗa alamar tambaya ce. Ka tambayi mai sayarwa ko yana da kan roba na canji, domin yana cinyewa, kuma wanda ya ce babu bai shirya sake ganinka ba. Masu jabu suna satar hotunan kamfanonin gaske, har tambarin suna liƙawa. Ka ce ya ɗauko maka bidiyon kayan a shagonsa yana cire taya da shi. Idan ya fara kwana-kwana, ko ya matsa sai ka tura kafin alƙalami yau-yau, ka kama gabanka. Haka ita ma tayar: a gefenta akwai jerin rubutu da ya fara da haruffan DOT, lamba huɗu na ƙarshensa su ke nuna lokacin da aka ƙera ta, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 2523 na nufin mako na 25 a 2023. Ana wanke tsohuwa a shafe ta da mai a ce sabuwa ce.

Kafawa ba wuya. Ka huda daɓen siminti ka ɗaure ƙafafun da noti huɗu, in gidan haya ne ka ɗaure a kan katako mai kauri da faɗi wanda za ka taka yayin aiki. Ka bar fili ta kowane gefe don sandar ta zagaya. Kafin ka fara, ka shanya sabuwar tayar a rana ta yi laushi, ka cire allurar bawul iska ta fita duka. Ruwan sabulu za ka shafa a leɓen, ban da baƙin mai, yana lalata roba kuma yana sa taya zamewa a kan rim. Ka kula kada faifan birki ya ɗauki nauyi. Sirrin aikin ɗaya ne: ɓangaren leɓen da ke can ɗaya gefen, wanda ke fuskantar inda kake aiki, ya faɗa cikin kwarin tsakiyar rim. Idan ka ji kana kokawa, bai faɗa ba, ka tsaya ka danna shi. Ka bi kibiyar da ke nuna inda tayar ke juyawa, kuma wajen hura ta don leɓen ya zauna kada ka wuce 40 a ma'aunin psi na gejin iska, sannan ka rage zuwa abin da littafin babur ɗinka ya ce.