Agogon serber ɗinku daidai yake kuwa? Ra'ayina kan Amazon Time Sync

Ƴan'uwa masu apilikasiyo a kan kilawud, in serber ɗinku sun wuce ɗaya ku duba agogonsu tun yau. Mu nan Yamai muna da ta karɓar odar kaya, serber biyu, a wani kamfanin haya da munka baro ɗaya tana gaban ɗaya da kusan minti guda. Sai ka ga a log, wato rajistan abin da serber ta yi, an biya kuɗi kafin ma a yi oda, kuma kod ɗin shiga mai canzawa duk sakan 30 ya riƙa ƙin karɓa, kiliya na ta kira wai mun toshe su, wallahi abin da ciwo.

Da munka koma AWS, kilawud ɗin Amazon, sai munka samu Amazon Time Sync mai daidaita agogon serber, tun 2017 akwai shi kuma kyauta ne. Ka sa chrony, manhajar saita agogo, ka nuna mishi adireshin 169.254.169.123, shi ke nan, ba ya ma bi ta intanet na waje. Buga chronyc tracking ka gani da idonka, namu bambancin bai kai milisakan ɗaya ba, gaskiya sun yi ƙoƙari.

Amma a kiyaye, sakan ɗin ƙari da akan ƙara ma agogon duniya jefi-jefi, irin na ƙarshen 2016, su Amazon shimfiɗa shi suke yi cikin awa 24, Google ma haka, pool.ntp.org, rukunin serber ɗin lokaci na jama'a, kuwa ba ya yi, to kada ku gauraya su cikin fayil ɗin chrony ɗaya don za su saɓa. Kuma ku bar serber kan UTC, wato lokacin duniya na bai ɗaya, awa ɗayan Nijar a ƙara ta wajen nuna ma kiliya kawai.