Mitar da ta hana ni cire lafiyayyar altaneta daga tsohuwar motata

Wata uku kenan ina amfani da wannan mitar awon wuta, irin mai baki kamar filaya ɗin nan da ake maƙala wa waya, kuma na ga ya kamata in faɗi abin da na gani a kanta saboda masu riƙe da tsofaffin motoci irina. Motar tawa ƙirar 1979 ce, ta mahaifina ce Allah ya ji ƙansa, kuma altanetar da ke jikinta, wato na'urar da ke caja batir in inji na aiki, ita ce ta asali da ta zo da ita, shi ya sa ban yarda a taɓa min ita haka kawai ba.

Matsalar da ta sa na sayi mitar ita ce jar fitilar batir ta dashbod. Da rana ba ka ganin komai, amma da dare in na kunna fitilun gaba sai ka ga tana ɗan ja-ja kamar garwashin da toka ta rufe, ba ta kama sosai ba kuma ba ta mutu ba, sannan duk bayan kwana huɗu ko biyar sai kik ya fara jan ƙafa da safe. Duk wanda na nuna wa amsa ɗaya ce, altaneta ta gaji a canza. Wani ma har ya kama sifana zai cire kan batir mota tana aiki wai in ta mutu to altaneta ce, na riƙe hannunsa na ce don Allah malam bari. Wannan gwajin tun zamanin dainamo, mai caja batir kafin zuwan altaneta, aka gaje shi, a mota mai altaneta batir shi ke shanye tsallen wuta, in ka cire shi inji na juyawa wutar na iya yin sama lokaci guda ta ƙone dayod (ɗan abin da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai) ko kat-awut (mai daidaita ƙarfin cajin), ka zo neman ciwo ɗaya ka koma da biyu.

Abu na farko da zan ce wa mai niyyar saya, sunan kamfani ba shi ne abin dubawa ba, ka duba ko bakin yana auna DC, wato irin wutar batir. Da yawa daga masu bakin nan AC, irin wutar gida, kaɗai bakinsu ke ji, an yi su ne don wayarin gida, a mota ba za su nuna maka amp ko ɗaya ba. Tawa tana auna duka biyun, tana da maɓallin ziro, tana auna volt da om da dayod, akwai kuma ƙarar nan da take yi in waya ba ta tsinke ba.

Na fara da batir bayan motar ta kwana ba a tashe ta ba, ta nuna volt 12.3. Cikakken batir mai lafiya 12.6 yake bayarwa, 12.2 kusan rabi ne, kenan nawa bai mutu ba amma ba ya ƙoshi. Na tashi mota na ɗan taka totur zuwa wajen juyi 2000 a minti, ta hau 13.5, ina kunna fitilu da fanka da waifa ta sauko 13.0. Abin da ake so a gani tsakanin 13.8 ne da 14.4. To a nan ne yawancin mutane ke tsayawa su yanke wa altaneta hukunci, kuma ni ma da nan na tsaya da yanzu tana cikin kwali a bayan gida.

Sai na matsar da wayoyin mitar zuwa jikin altanetar kanta, ja a kan babban notin baya da aka rubuta B+, baƙi a jikin ƙarfenta, fitilu duk a kunne. 14.1. Na cire na sake sawa don ban yarda ba, 14.1 ɗin dai. Ashe baiwar Allah tana aikinta tsaf, wutar ce ke zubewa a hanya kafin ta isa batir, fiye da volt ɗaya yana ɓata tsakanin nan da can. Daga nan sai na auna hanyar da kanta, kuma wannan gwajin shi na fi so kowa ya koya don ba ya buƙatar kwance komai: waya ɗaya a B+ ɗaya a kan batir na fositif, ta nuna 0.9, alhali bai kamata ya wuce 0.5 ba, mai kyau ma 0.2 ko 0.3 za ka gani. Sannan jikin altaneta zuwa kan batir na negetif 0.2, wannan ɓangaren ba laifi. Na bi babbar wayar da hannu a hankali har inda ta haɗu da ta batir a jikin kik, ina taɓa wurin na ji ɗumi. Na kashe mota na cire negetif na kwance notin, da na ja robar baya sai ga wayar ta zama koriya shar, gari-gari na zuba a tafin hannuna, silin tagullar kusan rabi sun tsinke sauran ne ke ɗauke da duk wutar motar. Shekara arba'in da wani abu zafi da danshi suna cinta a ɓoye a cikin roba, daga waje kuma lafiya lau take.

Na yanke wurin da ya ruɓe na sa sabon kai, na goge notin da sanfefa har ya yi ƙyalli, na ɗaure. Batir ya koma 13.9 da fitilu a kunne kuma jar fitilar ta mutu murus. Dalilin ja-jan da take yi ma sai a lokacin na gane shi sosai, ƙwan yana zaune ne tsakanin wutar da ke zuwa daga makulli da wadda ke fitowa daga ƙaramin notin altaneta, D+ ko 61 a wasu, in ɓangarorin biyu sun yi daidai ba ya kamawa, in ɗaya ya fi ɗaya ko da kaɗan ne sai ya fara haske.

Tunda na ambaci ƙwan nan bari in ɗan tsaya a kansa, don mutane na raina shi. A yawancin motocin wancan zamanin ta cikinsa ne wutar farko ke bi ta shiga kwayil ɗin da ke juyawa a cikin altaneta ta mayar da shi maganaɗisu, in ƙwan ya ƙone altaneta na iya ƙin fara caji sam, ko sai ka taka totur sosai sannan ta farka. Haka in ka cire shi ka sa LED don kwalliya, wutar da LED ke ja ta yi kaɗan. Don haka kafin ma ka ɗauko mita, murɗa makulli ba tare da ka tashi inji ba, dole fitilar ta kama, in ba ta kama ba fara daga nan. Sannan ka danna fambel da babban yatsa a tsakiya, kada ya nutse fiye da kamar santimita ɗaya, in gefensa ya yi santsi yana sheƙi to yana zamewa a kan fuli ko da bai yi ƙara ba.

Bakin mitar kuma a nan ya yi min rana. Ka danna ziro tukuna, ka maƙala shi a waya ɗaya tak, in ka haɗa biyu mai tafiya da mai dawowa za su kashe juna ka ga sifili. Na ga altanetar tana ba da wajen amp 30 da komai a kunne, kuma na tsofaffin motocin nan yawanci daga 35 zuwa 55 ne ƙarfinsu gaba ɗaya, ba kamar na yanzu da ke haura 100 ba, shi ya sa duk wanda ya ƙara wa irin motar nan manyan fitilu da sifika sai ya yi lissafi. Da mita ta kullum ba za ka iya wannan awon ba don ramin amp ɗinta a 10 yake tsayawa, fiyus ɗinta ne zai tafi.

Wani wurin da ta burge ni shi ne gwajin dayod ba tare da an sauke altaneta ba. Altaneta AC take haifarwa, dayod shida ne a ciki ke mayar da ita DC, kuma samun ƙananan dayod masu jure zafi shi ya sa ta ture dainamo tun daga lokacin da Chrysler ta fara sa ta a motar Valiant a 1960. In ɗaya ya lalace sai AC ta riƙa tsallakowa, za ka iya jin kuka a rediyo yana bin totur. Sai ka juya mitar zuwa AC ka auna a batir inji na aiki, in ta haura volt 0.5 akwai magana, tawa 0.05 ta nuna. Ƙaramar mitar da nake da ita a da, in na yi mata wannan gwajin wajen 30 take nunawa, don irinsu ba sa raba AC da DC, suna ninka wutar batir ne kawai su rubuta maka, kuma na tabbata an sha jefar da lafiyayyun altaneta saboda wannan lambar.

Yanzu abin da bai yi min ba. Wayoyin da ta zo da su gajeru ne kuma masu tauri, ba su da ɗan bakin kada na maƙalawa, kai kaɗai ba za ka iya riƙe biyu ka kuma taka totur ba sai da na nemi nawa daban. Hasken fuskarta yana mutuwa da wuri, kana ƙarƙashin bonet da dare sai ka yi ta dannawa. Bakin kuma ya yi girma, a bayan altaneta inda wuri ya matse da ƙyar na shigar da shi, kuma hannunka na kusa da fanka da fambel, wurin nan a kula sosai, a naɗe hannun riga. Babban rauninta shi ne ƙaramar wuta. In kana neman abin da ke shanye batir cikin dare, wanda dayod mai yoyo na iya jawowa, kana maganar abin da bai kamata ya wuce miliamp 50 ba ne, ita kuwa ko juya ta ka yi a hannu lambar sai ta motsa, ziron ba ya zama wuri ɗaya. Wannan aikin na koma wa mita ta kullum da shi, na cire negetif na sa ta a tsakani.

Tunda hannuna ya riga ya yi baƙi sai na kwance sukurori biyun da ke riƙe kat-awut a bayan altanetar na zaro shi da burushinsa. Tawa irin mai haɗe ce, wasu na farkon shekarun 1970 nasu kat-awut ɗin akwati ne daban a jikin bodi. Kabon ɗin ɗaya ya rage milimita 6 ɗaya 5 da ɗan wani abu, kuma 5 ita ce iyakar da aka saba bayarwa, sai na canza su. Zoben tagulla biyun da suke gogawa na sa mitar a kai ta nuna om 4, daidai inda ake so, na juya fuli da hannu boris shiru babu gurnani. Na mayar na ɗaure, yau sati goma sha ɗaya kenan kullum da safe bugu ɗaya take tashi, kuma mitar tana cikin aljihun ƙofar direba, duk ranar da na duba mai sai na ɗora ta a kan batir.