Zagaya Andalus: jirgin ƙasa ko motar haya?

Alhaji, ka ce za ka sauka Malaga da ke yankin Andalus a kudancin Sifaniya tare da uwargida da Hajiya mahaifiyarka, kuna da mako guda, kuna son ganin Kordoba da Sebiya da Giranada, kana tambaya ko mota za ka ɗauka haya ko jirgin ƙasa za ku bi. Idan waɗannan birane uku ne manufarku, ka rabu da mota.

Ga dalili. Daga tashar Malaga zuwa Kordoba, jirgin nan mai gudun tsiya na kamfanin Renfe kimanin awa ɗaya yake yi. Kordoba zuwa Sebiya kuwa minti 45 ne. A mota, kowace tafiyar sai ta ci maka wajen awa biyu idan ka haɗa da shiga gari da neman wajen ajiyewa. Giranada ce ta daɗe a baya, sai 2019 layin mai sauri ya isa can, kuma daga Sebiya wajen awa biyu da rabi ne. Bas ɗin kamfanin ALSA yana yin wannan hanyar cikin kusan awa uku, galibi da arha, don haka a nan jirgin bai fi shi da wani abin a zo a gani ba. Kuɗin tikitin jirgi yana hawa ne gwargwadon matsowar ranar tafiya, saboda haka ka saya da wuri ta intanet. Kuma ku isa tasha da sauran lokaci, don ana duba kaya da na'ura, ana kuma rufe ƙofa kafin jirgi ya tashi.

Ita mota, a babbar hanya ba ta da laifi. Hannun dama suke bi kamar mu, titi sumul, iyakar gudu kilomita 120, hanyar A-92 daga Sebiya zuwa Giranada kuma ba a biyan kuɗin get. Wahalar tana cikin gari. Tsofaffin unguwannin nan tun zamanin Musulmi aka shata su, don ɗan'adam da jaki. A unguwar Albaisin ta Giranada akwai lungun da sai direba ya naɗe madubin gefe kafin ya wuce, wasu titunan kuma kyamara ke gadinsu, na mazauna ne kawai da masu izini. Ka kutsa cikin rashin sani, tara za ta biyo ka ta hannun kamfanin hayar, su ma su ɗora nasu kuɗin aiki. Ga kuɗin ajiye mota kullum, ga kuɗin jingina da za su riƙe a katinka, ga lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa da dole ka taho da shi. Yawancin motocin masu giyar hannu ne, otomatik ta fi tsada.

Na san Hajiya kake tausaya wa, to amma motar ba za ta kai ta bakin ƙofa ba. Alhambra, tsohuwar fadar sarakunan Musulmi a Giranada, a kan tudu take, ƙananan bas na hawa daga tsakiyar gari, tasi ma ba ta da tsada idan ku uku ne. Ko Madinatuz Zahra, kangon tsohon birnin halifofin Andalus mai nisan kilomita 8 daga Kordoba, mai mota ma a ƙasa yake ajiyewa ya hau bas ɗin wurin. Abin da zai fi ɗaure ka shi ne tikitin Alhambra: da sunanka da lambar fasfo ake sayarwa, fadar sarakunan Banu Nasar da ke cikinta kuma da ƙayyadadden lokaci ake shiga, ka makara ka rasa. Shi za ka fara saya, sannan ka tsara sauran tafiyar a kansa. Af, masallacin Kordoba coci ne tun 1236, ba a barin sallah a ciki. A Giranada kuwa akwai masallacin da aka buɗe a 2003 a Albaisin, yana fuskantar Alhambra.

Inda mota ta yi wa jirgi fintinkau shi ne ƙauyuka. Garin Ronda ana zuwa da bas, amma fararen ƙauyukan duwatsu irin su Girazalema, da Setenil inda aka gina gidaje a ƙarƙashin dutse, bas ɗinsu jefi-jefi ne, ranar Lahadi ma abin ya fi muni. Idan ranku ya biya, ka ɗauki mota ta kwana biyu a ƙarshen tafiya, ka mayar da ita filin jirgin Malaga. Sai dai hanyoyin akwai kwana-kwana, idan Hajiya tana jiri a mota, Ronda kaɗai ta ishe ku.